Katangar da Yaya Ya Kayar

Katangar bayan tsohon cocinmu ta faɗi, kuma yayana ne ya kayar da ita. Bai sa mata guduma ba, bai tura ta ba, ko dutse ɗaya bai taɓa zarewa ba. Wata 'yar roba mai murfi kawai ya ɗauke daga wani rami ya ɓoye. Mutanen gari suna cewa ruwan sama ne, na bar su da faɗinsu. Ni magini ne, na san aikin ruwa, na san aikin hannun mutum.

Cocin nan tsoho ne ƙwarai. Ya girmi kakanmu, ya girmi titin da ke bi ta bayansa, har da wani allon ƙarfe a bakin ƙofa mai faɗin tarihinsa, ni dai ban taɓa tsayawa na haɗa baƙin ba. Katangar da ta kewaye shi da maƙabarta duwatsu ne aka jera ɗaya kan ɗaya, ba siminti ba laka. Manyan su ido ke gani, amma ƙananan da aka cusa a tsakani su ke riƙe da komai. In ka zare ƙarami ɗaya ka mayar a juye, ba abin da zai faru yau. Sai dai babban da ke kansa ya rasa majingina, ya fara neman wani wurin zama a hankali, na kusa da shi ma su biyo shi.

Yaya shi ke kula da cocin. Shi ke buɗewa ya rufe, shi ke shara da goge bencina, shi ke buga ƙararrawa. Duk gari Mai Ƙararrawa ake ce masa. Ni kuma Kankare ake ce min, wai saboda taurin kai. Waɗanda suka raɗa min sunan ba su zauna da Yaya ba ne. Ni in na ƙi abu zan gaya maka na ƙi, mu yi ta ta ƙare a wurin. Shi kuwa sai ya yi maka murmushi ya ce to, ya juya ya yi abin da ya ga dama.

Ita robar, Mai Kemis ne ya ɓoye ta. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya ɓullo a waya sai ya tsoma kansa ciki. Wai wasa ne da ake yi a ko'ina. Mutum ya sami 'yar roba ko gwangwani, ya zuba tarkace, ya ɓoye a wurin da yake son baƙi su zo su gani, sannan ya sa alamar wurin a waya. Masu nema su biyo kibiyar wayarsu har su iso, su lalubo, su rubuta suna a 'yar takardar da ke ciki, su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani, su mayar yadda suka tarar. Shi ke nan, ba abin da ake samu. Kuma manya ne da furfurarsu ke wannan. Su akwati suke ce mata, ni dai roba na gani, irin ta zuba ragowar abinci.

Lokacin da Mai Kemis ya sa ta cikin katangar, kusurwar nan ta baya ba kabari ko ɗaya. Ya nemi izinin fasto aka ba shi. Abin da ke wurin famfo ne da bishiyar lemun tsami. Matar Yaya ce ta dasa bishiyar tun tana amarya, don a nan take wanke labulen coci da mayafan tebur, tana son inuwa. Ita masu neman ba su dame ta ba, dariya ma suke ba ta. In ta ga mutum na zagaye da waya a hannu kamar wanda kazarsa ta ɓata, sai ta ci gaba da cuɗa wanki tana kallonsa ta wutsiyar ido. In ya daɗe sai ta ce, "Ɗana, ka duba ƙasa-ƙasa mana, ai wanda ya ɓoye gajere ne." Ni kuma in na biyo ta wurin sai ta jefo min lemo ta ce, "Kankare, ungo ɗan'uwanka, tsaminku ɗaya."

Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce a sa ta ƙarƙashin lemunta. Aka sa ta. Kan kabarin ya zo dab da ramin da robar ke ciki. Ranar ba wanda ya tuna da wata roba, har shi Mai Kemis ɗin, wanda yana cikin masu ɗaukar gawar.

Daga nan Yaya ya tare a wannan kusurwa. 'Ya'yansa mata ne, duk sun yi aure nesa, gida ya zama ba kowa sai shi da rediyo. Ya jawo wani tsohon benci ya ajiye a gindin bishiyar. Ya shuka furanni ya kewaye kabarin. Da safe ya share ganye, da yamma ya ba bishiyar ruwa, ya zauna yana kallon lemo na nuna. Ban taɓa ganin hawayensa ba, amma na san abin da ya rage masa ke nan a duniya, wannan bishiyar da abin da ke ƙarƙashinta.

Masu nema kuwa ba su daina zuwa ba. Ba mugaye ba ne, idonsu ne na kan waya. Mutum na bin kibiya ba ya ganin fure. Yau a take masa wannan, jibi a karya masa wancan, shi kuma ya bi ya gyara. Sai ran nan ya fito daga shara ya tarar da wani ƙato ya durƙusa a kan kabarin kansa, hannunsa cikin katanga har kafaɗa, abokinsa na ɗaukarsa hoto. Yaya ya gaishe su, ya tambaye su hanya, ya jira suka rubuta sunansu suka tafi. Sannan ya sa hannu ya ɗauke robar.

Ni ban san an yi haka ba sai da na je gyara matakalar hasumiya, inda ƙararrawar take. Ina matsar da gwangwanayen fenti sai ga ta a baya, murfinta shuɗi. Na buɗe. Maɓalli, ɗan dokin roba, maƙalin makulli, guntun fensir, da takarda a nannaɗe. Yaya na ƙasa yana shafa wa igiyar ƙararrawa mai.

Na ce, "Yaya, wannan ba robar Mai Kemis ba ce?"

Ya ce, "Roba ai roba ce."

"Ta cikin katanga nake nufi."

"Gyaran matakala ka zo ko bincike?"

Sai da na matsa sannan ya ba ni labarin ƙaton nan, a gajarce, yana ci gaba da shafa mai. Ni ma a ranar ban ga laifinsa ba. Na ɗauka in suka zo ba su samu ba za su gaji, su gaya wa 'yan'uwansu babu, kowa ya huta. Na mayar da ita bayan fenti na ci gaba da aikina.

Bayan wani lokaci na biyo ta maƙabartar da baro, ina kwashe ragowar yashi, na tarar da wasu mata da miji a kusurwar. Sun manyanta. Mijin mai tumbi ne da faffaɗar hula, matar siririya da tabarau, wayar na hannunta. Shi ya tsuguna yana zare ƙananan duwatsu yana leƙa bayansu, kuma ba ma kusa da ramin yake ba, can gefe ne, wajen famfo.

Na ajiye baro na ce, "Malam, me katangar ta yi maka?"

Ya ɗago yana haki ya ce, "Sannu da aiki. Ai ina mayarwa."

"Kana mayarwa a juye. Wannan bakin mai kaifi shi ke shiga ciki."

Matar ta ce, "Na gaya masa. Ko murfin tukunya ya ɗauka a gida ba ya mayar da shi daidai."

Ya ce, "Ke dai riƙe wayarki. Tun ɗazu kike cewa ga shi nan ga shi nan, gwiwata ta ƙare."

Na tambaye ta, in wayar ta san inda abin yake, me ya kai su wajen famfo. Ta yi min bayani da haƙuri. Wai wayar kusa kawai take kawo mutum, ba ta ɗora masa hannu a kai. Tana iya kuskurewa da 'yan taku ta nan ko ta can. Don haka in ka duba inda ta nuna ba ka gani ba, sai ka faɗaɗa nema.

Na ce, "To in babu shi fa gaba ɗaya?"

Ta ce, "Da mai shi ya cire alamar. Tunda alamar na nan, akwatin na nan. Mutane da yawa sun rubuta cewa sun zo ba su samu ba, yanzu ya yi suna wajen wuya. Shi ya sa ma muka taso."

Mijin ya ce, "Mai sauƙi ai kowa ya samu. Wannan muke so."

Na tsaya ina kallonsu. Da can mutum zai zo ya sa hannu a rami ɗaya ya tafi. Yanzu kowa sai ya bi katangar dutse-dutse, kuma waɗanda ke zuwa ma masu naci ne, irin waɗanda ba sa tafiya da wuri. Bayan sun haƙura sun tafi na bi katangar da hannu. Daga famfo har bayan bishiyar, ƙananan duwatsun duk sun yi sako-sako, wasu ma suna ƙasa cikin ciyawa.

Na sami Yaya a ɗakin ajiya yana jera littattafan waƙa.

Na ce, "Ka mayar da robar nan."

Ya ce, "To."

"Ba to ɗinka nake so ba. Suna cinye katangar. Ka mayar, ko ka kira Mai Kemis ya cire alamar daga waya, ko ya canza mata wuri."

Mai Kemis a lokacin ba ya gari. Ya tafi birni wurin 'yarsa za a yi masa aikin ido, an hana shi kallon waya, shi ya sa duk ƙorafin da masu nema ke rubutawa bai gani ba. Amma da an kira 'yar da saƙo ya isa. Matsalar, Yaya ba ya magana da shi.

Ya ce, "Ni in kira shi? Mutumin da ya miƙe a taro ya ce a ɗaura lasifika a hasumiya, wai ta riƙa buga ƙararrawa da kanta?"

"Wannan maganar ai ta tsufa, kuma ba a yi ba."

"Ba a yi ba, amma ya faɗa."

"To ba ni ni in mayar."

Ya ajiye littafin hannunsa ya dube ni. "A sake durƙusa mata a kai? Kankare, kai ƙanena ne. In ka kai maganar nan wurin fasto ko wurin wancan mutumin, kada ka ƙara taka ƙofata."

Na hau hasumiya duk da haka. Robar ba ta bayan fenti, ya riga ya canza mata wuri. Ƙarar wana kuwa ba zan kai ba, ko da shi ne da laifi. Abin da na iya shi ne, duk ranar da na sami sarari in zo da ƙaramar guduma in bi katangar ina mayar da abin da aka zare. Sai dai ni ma ina da bakin da nake ciyarwa, kuma a lokacin ina ginin wani sito a ƙauyen gaba, wani sa'in sai in yi kwanaki ban leƙo ba.

Shi ma Yaya ya ga abin da ke faruwa, ba makaho ba ne. Dabararsa ita ce ya sami katako ya rubuta da jan fenti, BABU AKWATI A NAN, ya kafa a gaban kabarin. Wannan allo shi ya ƙarasa mu. Masu nema suka ɗauka cikin wasan ne, wai mai ɓoyewar ne ke tsokanarsu. Suka riƙa tsayawa kusa da shi suna hoto suna dariya. Na ji wata da kunnena tana ce wa ƙawarta, "Kin gani? Tunda aka rubuta haka, to a nan yake." Har allon sai da suka tuge suka duba ƙarƙashinsa.

Ya koma gadi. Ya zauna a bencinsa, duk wanda ya zo ya ce masa an ɗauke. Wasu su yarda, wasu su yi masa godiya su zagaya su dawo in ya tashi. Kuma dole ya tashi. Akwai shara, akwai ƙararrawa, akwai kasuwa, mutum ba ya kwana a maƙabarta.

Ran da na dawo daga aikin siton na tarar katangar ta yi ciki. Na kira shi, na ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, na ja ta miƙe. A tsakiya, daidai kan kabarin, duwatsun sun turo sun wuce igiyar.

Na ce, "Ka gani da idonka. Wannan ta wuce ƙaramar guduma. Sai an sauke saman an sake jerawa, kuma kafin nan kada wani ya ƙara taɓa ta."

Ya daɗe yana kallon igiyar. Ya sa hannu ya shafa dutsen da ya fi turowa. Ya ce, "Bari Lahadi ta wuce. Zan yi wa fasto magana da kaina."

Wannan karon na ji a muryarsa da gaske yake. Amma katangar ba ta jira Lahadi ba. Aka yi wani ɗan yayyafi da rana, wanda ko ƙura bai gama kwantarwa ba. Ina gida ina wasa diga na ji ƙara kamar tifa ta juye duwatsu. Na san ko mene ne tun kafin in miƙe.

Allah ya taimaka ba kowa a wurin. Ta zubo ciki, ta rufe kabarin da furannin, ta farfasa bencin. Dutsen da aka rubuta sunan matarsa ya kwanta amma bai karye ba. Bishiyar kuwa tana tsaye, ɓawonta ya ɗaye ta gefe ɗaya, lemo ya zube ko'ina cikin duwatsu. Na tarar da Yaya yana ɗauke duwatsun da hannu ɗaya bayan ɗaya daga kan kabarin, bai kira kowa ba. Na tuɓe riga na kama masa. Muna cikin yi ya ɗaga kai ya dubi bishiyar ya ce, "Lemun dai na nan." Ni kuwa idona na kan gindin katangar, kuma abin da na gani bai yi min daɗi ba.

Aka yi ɗan zama a cikin coci, fasto da dattawa biyu da mu. Mai Kemis ya dawo a makon, yana sanye da baƙin tabarau, 'yarsa ta karanta masa duk abin da masu nema suka rubuta. Fasto ya fara magana kan ruwan sama da tsufan gini. Sai Yaya ya tashi ya fita, ya dawo da robar, ya ɗora ta kan benci a gaban kowa. Ashe cikin akwatin tsohon agogon bango ya sa ta.

Ya ce, "Ba ruwa ba ne. Ni na ɗauke wannan."

Ya faɗi dalili cikin 'yan kalmomi ya zauna. Mai Kemis ya lalubi robar ya jujjuya ta a hannu.

Ya ce, "Haba Mai Ƙararrawa. Da ka aiko ko da Kankare ne, ai da na matsar da ita tun ranar. Wallahi ban tuna tana kan marigayiya ba. Ni na kamata in tuna."

Yaya ya ce, "Da na aiko, da ka ce a sa mata lasifika."

Ɗaya daga cikin dattawan ya tuntsure da dariya, fasto ya sunkuyar da kai yana gyara murya. Mai Kemis ya ce, "Har yanzu? To na janye. Na janye a gaban fasto. Ka buga ƙararrawarka har ka gaji."

Fasto ya ce wa Yaya, "Baba, ba wanda zai karɓi makulli a hannunka. Abin da ya faru ya faru. A tayar da katangar kawai." Ya juyo wurina ya ce aikin nawa ne.

Da muka kwashe duwatsun muka kai ƙasa, abin da na hango ya tabbata. Duwatsun tushe sun goce, sai an tono su an sake shimfiɗawa. Kuma manyan saiwoyin lemun nan duk ta nan suka bi, sun shiga tsakanin duwatsun sun fita har ƙarƙashin titi. Shekara da shekaru bishiyar da katangar sun saba da juna, saiwa ta girma a hankali, dutse ya ba ta hanya a hankali. Da ba a taɓa su ba da sun kai mu kabari suna tare. Amma sabon jeri ba ya zama a kan saiwa mai rai. Damina biyu ta isa ta sake turo shi.

Na nemi hanya, kada a ce ban nema ba. Na ce ko a karkatar da katangar ta waje ta zagaye bishiyar, titi ne a wurin, ba namu ba ne. Ta ciki kuma kabari ne. Na ce ko a bar wurin a buɗe a sa ƙofar ƙarfe, sai ga wani ma'aikaci daga ofishin da ke kula da tsofaffin gine-gine ya zo da takalminsa mai tsabta, ya ce katangar tarihi ce, a inda take za ta koma, da duwatsunta. Bai yi ƙarya ba, aikinsa ke nan. Na ce ko in sare saiwoyin gefen katanga kawai in bar sauran. Na tona na duba, duk ƙarfin bishiyar a wannan gefen yake. In na sare su, iskar farko za ta kwantar da ita, kuma a kan kabarin za ta kwanta.

Na sami Yaya a wurin da yamma, yana zaune kan wani dutse tunda benci ya tafi.

Na ce, "Yaya, bishiyar ba za ta tsaya ba."

Ya ce, "Ka duba da kyau?"

"Na duba har na gaji da dubawa."

"Ko a ciro ta a dasa can gaba?"

"Ta tsufa da wannan. Za ta mutu a hannunmu, mu wahala a banza."

Ina jiran to ɗin nan nasa, in san cewa gobe zan tarar ya ɗaure kansa a jikin bishiyar. Bai ce to ba. Ya ce, "Kada ka kawo masu injin yanka. Ni zan sare."

Washegari da safe, bayan ya buga ƙararrawa, ya zo da babban kwano da tsani. Sai da ya tsinke lemon tas, nunannu da ɗanyu, har wanda ke can ƙoli, ina riƙe masa tsani ina ce masa ya sauko kada ya karye mu shiga uku. Ya rufe kabarin da tsofaffin buhuna. Ya fara da zarto, reshe-reshe, yana sauke kowanne da igiya don kada ya faɗa inda bai kamata ba. Ƙaya ta yayyage masa hannu bai kula ba. Mai Kemis ya zo ya tsaya daga nesa, daga baya ya matso ya riƙa jan rassan yana tarawa gefe, ba wanda ya ce masa ya yi, ba wanda ya ce ya bari. Da aka zo kan gangar jikin na miƙa hannu in karɓi gatarin, don na ga numfashinsa ya yi sama. Ya ce, "Kankare, matsa." Na matsa. Wurin duk ya cika da ƙamshin lemo, har cikin coci.

Na tayar da katangar yadda take, dutse kan dutse, ba siminti. Ta wajen titi, daidai tsayin ƙugu, na bar wani ɗan rami mai murfin dutse wanda ko makaho zai lalubo, Mai Kemis ya sa robarsa a ciki, ya rubuta a waya cewa ta waje take, kada wanda ya shiga maƙabarta, kada wanda ya zare dutse. Aikin ramin nan bai ɗauke ni komai ba. Tun farko da shi aka yi da an huta.

Mai tumbin nan da matarsa sun dawo, suka sami robar nan take. Ina jin shi yana cewa wannan ai ba wuya, an ɓata wasan, ita kuma tana ce masa ya rufe murfin daidai.

Lemon da Yaya ya tsinke ya rarraba wa maƙwabta, ya kawo wa matata rabin kwano, bai bar wa kansa ko ɗaya ba. Na yi masa sabon benci, bai cika zama a kai ba, ya fi son kututturen, wanda na bar masa bayan na datse saiwoyin. Yanzu ba mai taka masa fure. Masu nema suna tsayawa ta bayan katanga, ya ji muryarsu da dariyarsu, su rufe su wuce. Da safe yana zuwa da tsintsiya kamar da, sai dai ba ganyen da zai share. In rana ta ɗaga kuma ba ya iya daɗewa, don tana dukan kabarin tun daga hantsi har la'asar, ba inuwa ko ta tafin hannu. Sai ya ɗora hularsa a ka ya ɗan zauna kan kututturen, in zafi ya ishe shi ya tashi ya koma cikin coci.